Man Shokin Benli

Malam Ɗayyabu bai ga jinin ba sai da suka isa Kazaure. Ya kafe babur a gindin darbejiyar ƙofar asibiti, ya juyo don ya tallafi 'yarsa ta sauka, sai ya ga gefen mayafin da ta toshe baki da shi ya jiƙe ja.

"Bahijja, me ya same ki?"

"Ba komai, Baffa. Leɓena na ciza."

"A ina?"

"Wajen gangaren nan, kafin mu hau kwalta."

Ya san gangaren. A nan ne tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya ci, ya ji ƙarfe ya bugi ƙarfe har cikin haƙoransa. Ita kuwa ko uffan ba ta ce ba.

Bahijja ce autarsu shi da Tasalla. Yayyenta mata biyu suna gidajen mazajensu, maza biyun kuma sikila ta ɗauke su tun ba su isa shiga gona ba. Ita ce ta jure, har ta haura shekara ashirin, har mutane suka fara cewa ta tsallake. Sai ciwon ya sauka a ƙugunta na hagu. Likita ya nuna wa Malam Ɗayyabu hoton ƙashin, ya ce kan ƙashin cinyar ne ke lalacewa, aikin kuma sai a Kano, shi ma ba za a yi ba sai jininta ya hau. Kafin nan, a riƙa kawo ta duk wata.

Ƙauyensu, Unguwar Kawu, yana can bayan Gwiwa, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, da damina kuwa ko ranar kasuwar ba ta shiga. Sun taɓa gwada motar haya daga Gwiwa. Aka cusa Bahijja tsakanin wata mata mai jiki da buhun gyaɗa, kafin a kai Roni ta suma. 'Yan acaɓa kuma yara ne, ba sa ganin rami sai sun wuce shi. Saura Benli, tsohon babur ɗinsa.

Benlin baƙi ne, ya girmi Bahijja nesa ba kusa ba. Malam Ɗayyabu ya saye shi a hannun wani malamin gona da ya yi ritaya, a kansa ya yi yawon sayen fatu a kasuwannin yankin duk rani. Kujerarsa doguwa ce mai faɗi, Bahijja tana iya zama a karkace ta miƙe ƙafar yadda take so, ta riƙe ƙugun mahaifinta. Ya ɗaura mata soso a kai. Tafiya kuwa yana yin ta kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

A hanyar komawa gida ran nan ya tsaya a Roni, wajen Ashiru makanike. Ya zaunar da Bahijja a benci a inuwa. Ashiru ya riƙe birkin gaba ya danna kan babur, ya nutse ya bugi ƙasa, bai ko yi gardama ba.

"Baba, shokin gaban nan babu mai a ciki. Yaushe rabon da a zuba?"

"Ana zuba masa mai ne?"

Ashiru ya kwance ƙusar da ke ƙasa. Abin da ya fito bai fi cikin cokali ba, toka-toka, mai warin ruɓaɓɓen kifi.

"Na baya fa?" in ji Malam Ɗayyabu.

"Na baya a rufe suke, ba a zuba musu komai. In sun gaji sai dai sabo, irin na wannan kuma an daina kawowa. Amma na gaban ne ke yi maka ƙara."

Ya ɗauko galan ɗin baƙin mai, wanda yake zuba wa injin kowane babur, ya tsiyaya a shok ɗin biyu. Ya ce haka suke yi wa kowa.

Ƙarar ta ɗauke. Suka bi ta gangaren, tayar ta shiga ramin ta fita, ba a ji bugun ƙarfe ba. Da suka isa gida Malam Ɗayyabu ya tambaye ta yadda ta ji.

"Wallahi da sauƙi, Baffa."

Rabon da ya ji kalmar nan daga bakinta har ya manta. Maganin asibiti bai sa ta faɗa ba, rubutu bai sa ba, sassaƙen da ƙanwar Tasalla ta aiko da shi daga 'Yankwashi bai sa ba. Ran nan ya ci tuwo har da ƙari.

Amma a tafiya ta gaba, da suka fita da sanyin safiya, sai ya ji kan babur ɗin ya sandare kamar taɓarya. Baƙin man ya yi kauri, shok ɗin ba ya lotsawa, kowace gargada tana hawowa hannunsa. Ya ce a ransa, abin da ni nake ji a hannu, ita a ƙashi take jin sa. Wani direba a tashar Kazaure ya ce masa baƙin mai na inji ne, ya nemi jan man giyar mota, ya fi tsinkewa. Ya nema ya zuba. Shok ɗin ya yi laushi, sai dai da ya taka birki sai babur ya durƙusa, ga man yana tsattsafowa ta tsofaffin robobin da ke tare shi, yana gangarowa har kan taya.

"Yau fa?"

"Ya fi na wancan karon, Baffa."

Daga nan ya daina zuwa wajen Ashiru. Ya sayi sifana biyu, ya koyi kwancewa da kansa a zaure. Da wata tsohuwar sirinji ta maganin Bahijja yake awo. Ya gauraya jan da baƙin, rabi da rabi. Ya rage baƙin. Ya ƙara. Wani tela a kasuwar Gwiwa ya ce man keken ɗinki ya fi kowane santsi, ya sayo ya ɗiga a ciki. Kwalabe suka jeru a kan katangar zaure, kowace da launinta. In ya gama haɗi sai ya fita shi kaɗai ya bi hanyar shanu, inda kofato ya farfasa ƙasa, yana sauraron abin da hannuwansa za su gaya masa.

Wata rana Bahijja tana kwance a tabarma a tsakar gida, hular da take ɗinkawa tana gefe, ya wuce da kwalba a hannu.

"Baffa, saura man gyaɗa da man shanu. Inna, ki ɓoye naki."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, har dariyar ta taɓa mata ƙugu ta yi shiru.

Hular nan ba ta ƙarasa ta ba. Kafin ruwa ya zauna sosai ta ajiye sandar da take dogarawa, sai dai a ɗauke ta daga ɗaki zuwa tsakar gida. Idanunta suka yi rawaya. An yi mata ƙarin jini, ya hau kaɗan, ya sake sauka. A zuwansu na ƙarshe likita ya kira Malam Ɗayyabu waje, ya yi masa magana a hankali, ya ce ɗaya ƙugun ma ya fara, hantarta kuma ba ta yi masa daɗi ba. Maganar Kano dai a jira tukuna.

Bai gaya wa Tasalla ba. Da suka dawo ya wuce zaure ya kwance shok.

Tasalla ta same shi a tsugune, sirinji a hannu.

"Malam, yarinyar nan ko koko ba ta iya shanyewa. Ciyawa ta ci gonar gero. Kai kuma kana nan kana auna mai."

Bai ɗago ba.

"To me kike so in auna?"

Ta koma ciki.

A wajen wani mai faci ya ji labarin Dunoma. Aka ce tsoho ne Babarbare a Babura, tun zamanin da Benli ke tashe yake gyara shi, kuma yana samo ainihin man shok daga Nijar, wanda aka yi don wannan aikin kaɗai, ba na inji ba, ba na giya ba. Malam Ɗayyabu ya kwana biyu yana juya zancen. Babura ba nan kusa ba ce, sai ya wuce Roni, ya wuce Kazaure, ya nausa gabas. Ya bar maimai a tsaye a gona, ya kama hanya shi kaɗai bayan sallar asuba.

Rumfar Dunoma tana bayan kasuwa, 'yar ƙarama, cike da gawarwakin babura. Tsohon siriri ne, da farin gemu da tabarau da aka ɗaure da zare. Tun kafin Malam Ɗayyabu ya kashe inji ya miƙe tsaye.

"Ikon Allah. Ashe akwai sauran mai rai." Ya zagaya babur ɗin, ya shafa tanki. "Sannu da hanya, Malam. Daga ina?"

"Daga bayan Gwiwa."

"A kan wannan? Madalla."

Suka gaisa sosai, aka kawo ruwa. Malam Ɗayyabu ya faɗi abin da ya kawo shi. Dunoma ya kwance ƙusar ƙasa, ya tari abin da ya zubo a tafin hannu, ya shinshina, ya murza.

"Wannan miyar wa ya haɗa ta?"

"Ni ne."

"To, ba laifi. Wanda ba shi da abu, da abin da ya samu yake yi."

Ya shiga ciki ya fito da gwangwani uku, rubutun jikinsu da Faransanci, ya jera su a kan benci. Ya ce wannan tsinkakke ne, wannan matsakaici, wannan mai kauri. Mai kauri na mai ɗaukar kaya ne a kan kwalta. Tsinkakken yana shanye ƙananan gargada, amma babban rami yana kai shi ƙasa. Babu wanda ya fi wani, kowa da hanyarsa da kayansa.

"Hanyarka yaya take?"

"Rabi kwalta, rabi abin da ruwa ya bari."

"Me kake ɗauka? Hatsi?"

"'Yata."

Dunoma ya dube shi ta saman tabarau. Malam Ɗayyabu bai yi niyyar ba da labari ba, amma sai ya ji bakinsa yana yi. Ya faɗi sikilar, da ƙugun, da mayafin da ya jiƙe, da kwalaben zaure, da yadda duk haɗin da ya yi take cewa ya fi na baya. Ya ce yanzu in aka samu ainihin man, in sha Allahu tafiyar ba za ta ƙara zame mata azaba ba.

Tsohon ya koma kan aiki. Ya zare shok ɗin biyu, ya wanke cikinsu da kalanzir har ruwan ya fito fari, ya binciko sababbin robobi a cikin wata tsohuwar jaka ya sa. Ya zaɓi matsakaicin, ya sirka shi da tsinkakken kaɗan, ya auna da kofin gilashi, ya zuba. Aikin ya kai su har bayan azahar. Suka yi salla tare.

"Je ka gwada."

Malam Ɗayyabu ya bi wata hanya da ta zagaya bayan kara, inda shanu suka tattake laka ta bushe. Tun daga taku na farko ya san an dace. Tayar gaba tana hawa tana sauka, hannuwansa kuwa ba su san ana yi ba. Ya nufi rami da gangan, babur ya shanye shi. Ya taka birki, bai durƙusa ba. Ko ranar da ya saye shi bai ji shi haka ba. Ya dawo rumfar idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun Dunoma da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin." Dunoma bai saki fuska ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Malam Ɗayyabu, ka taɓa zama a bayan babur ɗin nan?"

"A baya? Ni ke tuƙa shi ai."

"Matsa baya in ja ka. Ka zauna yadda take zama."

Ya yi kamar zai tambayi dalili, ya fasa. Ya koma kan soson, ya karkace, ya miƙe ƙafar hagu. Dunoma ya hau gaba ya buga inji. Hanyar dai ita ce, kuma tsohon bai yi gudu ba, a giya ta ɗaya yake tafiya.

Ramin farko ya shigo masa ta ƙashin zama, ya bi gadon baya, ya fita ta ƙeya. Kafin ya gyara zama na biyu ya zo. Soson ya lotse, ƙarfen kujera yana dukansa kai tsaye. A gaba yana ganin kafaɗun Dunoma a natse, ko motsi ba sa yi, shi kuwa duk ƙaramin tudu sai ya ɗaga shi ya buga. Ƙafar da ya miƙe ba ta da abin takawa, don haka duk nauyin dukan a ƙugu yake sauka. Kuma ba ya ganin ramin kafin ya zo, balle ya shirya masa. Shi da ƙashinsa ke lafiya.

"Tsaya," ya ce. Dunoma bai ji ba. "Don Allah tsaya!"

Ya sauka ya tsaya a gefen hanya, hannu a ƙugu. Daga Unguwar Kawu zuwa kwalta ya ninka wannan sau nawa? Ga dawowa.

Dunoma ya kashe inji.

"Na so in gaya maka tun ɗazu, na ga ba za ka ji da kunne ba. Na gaba naka ne. Nata na baya ne, su kuma sun daɗe da mutuwa, naɗaɗɗen ƙarfen sifirin ne kawai ya rage."

"A samo wasu."

"Ba ni da su. Na baburan yanzu sun yi tsawo, in na tilasta su za su fi wannan tauri. Zan sa a duba mini a Magarya, ko Damagaram." Ya dafa kujerar. "Amma kada in yaudare ka. Ko sababbi ne dal, ragewa za su yi. Ƙashin da ka faɗa mini, a hanyar da ka faɗa mini, ban san abin da zai ɗauke shi ba ciwo ba."

"Ta ce da sauƙi."

"Na ji ka faɗa."

Dunoma ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Ya rako shi har bakin titi, ya ce a gaida mai jiki.

Tafiyar komawa ita ce mafi daɗi da Benli ya taɓa yi masa, kuma ji ya yi kamar ya sauka ya tura shi cikin kududdufi. Ya wuce Kazaure bai tsaya ba. A Roni Ashiru ya ɗaga masa hannu, bai gani ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Tasalla tana bakin murhu. Bahijja tana inuwar ɗaki a kan katifa, an tokare ta da matashi. Ya jawo kujerar tsugunno ya zauna kusa da ita, ko ƙurar ƙafarsa bai wanke ba.

"Sannu da zuwa, Baffa. An samu man?"

"An samu."

"Alhamdu lillahi."

"Yau na zauna a baya, Bahijja. Mai gyaran ya ja ni."

Ta kalle shi, sannan ta mayar da ido kan hannuwanta.

"Me ya sa kika riƙa ce mini da sauƙi?"

"Na farkon gaskiya ne. Ƙarar nan ta daina, na daina firgita."

"Sauran fa?"

Tasalla ta daina motsa tukunya.

"Baffa, ni nake riƙe da kai a hanya. Bayanka yakan yi tauri kamar katako. In na ce da sauƙi, a tafiya ta gaba sai in ji ya ɗan saki. Kuma in kana zaure da kwalaben nan, ina jin ka kana 'yar waƙa. In ba nan ba, ba ka yi."

Ya sa hannu ya rufe fuska.

"Tunda ka sani yanzu," ta ce, "zan roƙe ka abu ɗaya. Ba na son in koma."

"Ba kya son me?"

"Hanyar. Na gaji, Baffa. Tun ana saura mako a tafi nake daina barci. In mun dawo kuma sai in yi wani makon ban san inda nake ba. Kwana nawa ya rage mini a watan?"

"Ba a barin neman magani."

"Ban ce zan bar shan magani ba. Hanyar na bari."

"Aikin Kano fa? In jininki ya hau..."

"Na ji abin da likita ya gaya maka. Tagar a buɗe take."

Tasalla ta juyo. "Me ya gaya masa?"

Malam Ɗayyabu ya miƙe, muryarsa ta ɗaga yadda ba ta taɓa ɗagawa a kan Bahijja ba.

"Biyu na kai makabarta da hannuna ina kallo! Ke ma so kike in zauna in naɗe hannu? Za ki je, ko a kaina ne zan ɗauke ki!"

Bahijja ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Baffa," ta juya fuska wajen bango.

Da ranar asibiti ta zo ya aro amalanken shanu. Suka shimfiɗa katifa biyu, Tasalla ta hau ta rungume ta. Shirinsa shi ne su kai Gwiwa, ya ɗauki shatar mota ita kaɗai ta kwanta a baya. Amalanke ba shi da shok ko na gaba ko na baya. Shanun suna tafiya a hankali, ƙafafun suna faɗawa kowane kwari, Tasalla tana salati. Ba su kai rabi ba hadari ya taso daga gabas. Ledar da suka rufa ba ta hana komai ba. Sanyin ruwan ya shiga jikin Bahijja, ciwon ya tashi gaba ɗaya, hannu da ƙafa da ƙirji. A nan ne mahaifinta ya ji ihunta a karon farko tun tana yarinya. Yana gaba yana jan akalar shanu cikin ruwa, bai iya waiwayowa ba.

Ba su kai Kazaure ba. A ƙaramin asibitin Gwiwa aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa da allurai har ciwon ya lafa. Da aka sallame su, maza huɗu ne suka ɗauko ta a kan gadon kara, a kafaɗa, suna canji har gida.

Bai sake yi mata maganar tafiya ba.

Shi kaɗai ya riƙa zuwa Kazaure da katinta. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Mu'minat, wadda suka saba da Bahijja. Da ta gan shi ba kowa a bayansa ta ce, "Baba, ina ƙawata?" Ya gaya mata. Ta shiga wajen likita, ta fito da magunguna, ta yi masa bayanin kowanne. Ta ce in da hali dai a kawo ta, don akwai abin da ba a yi sai an ga mutum. Ya ce to. Ita ma ba ta ƙara ba.

Bahijja ta samu 'yan makonni na natsuwa. Yayyenta suka zo da 'ya'yansu, gidan ya cika da hayaniya, tana kwance tana raba musu faɗa. Ta sa aka kira mata wata ƙawarta ta ba ta zaren ɗinkinta da allurai. Mahaifinta yakan dawo daga gona ya zauna kusa da ita, ba sa wata magana mai tsawo. Wani lokaci ta tambaye shi yadda gero yake, ya ce ya yi kai, sai dai ciyawa ta rage shi. Ta ce baɗi sai ya yi maimai da wuri.

Gero ya fara nuna lokacin da ta rasu, da hantsi, Tasalla tana ba ta ruwa a cokali. Malam Ɗayyabu yana gona. Kafin ɗan aike ya iso ya dawo da shi, an riga an rufe mata ido.

Bayan an share makoki aka yi girbi, abin da aka samu aka sa a rumbu. Rani ya shigo, ya koma yawon fatu, don gida ba ya ci da zama. Tasalla ta rage magana. In za ta unguwa a Gwiwa da ƙafa take tafiya, shi ma bai taɓa ce mata ta zo ya kai ta ba.

A da, duk yankin an san Malam Ɗayyabu ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Roni, ya tarar da wata tsohuwa a bakin hanya da ƙullin kaya a ka, tana ɗingishi. Ta ɗaga masa hannu. Ya tsaya.

"Ɗan nan, don Allah rage mini hanya. Gwiwata ce ta hana ni."

Ya dubi ƙafarta, ta kumbura har idon sawu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya waiwaya ya dubi kujerar baya, inda soson Bahijja yake a ɗaure.

"Ki yi haƙuri, Inna. Kawo kayan in kai miki gaba, ke ki jira wani."

"Kayan me? Ni ce ba na iya tafiya."

"Ki yi haƙuri."

Ta ja tsaki ta riƙe ƙullinta. Ya ja babur ya tafi, yana jin ta tana faɗa a bayansa. Labarin ya riga shi isa Unguwar Kawu. A majalisar ƙofar masallaci aka ce tun rasuwar 'yarsa Malam Ɗayyabu ya canza, ya zama marowaci. Maganar ta dawo kunnensa. Bai ce wa kowa komai ba.